Baitin da Octavie Ta Tsallake

A kan matakalar wani gida a Paris Florent ya fara ganin Octavie, ana hawa masa da fiyano. Ni ne a ƙarƙashin fiyanon, ni da kwalara ta kwashe ƙartin unguwarmu ta bar ni tsaye. Ban san ko harafi ba, amma so bai taɓa giftawa ta gabana ban gane shi ba.

Florent makaɗi ne. Ya ɗauko wasu rubutattun waƙoƙi ya sa musu kiɗa a jere, daga haɗuwar masoya har rabuwarsu, saura mai rerawa. Sai ga 'yar mai gidan tana saukowa tana waƙa. Ya tsaya sororo.

"Samari, ka tare hanya," in ji ta.

"Muryar nan nake nema tun bara."

"To ka same ta, cewa take ka matsa."

Wasa-wasa koyon waƙa ya zama hira. Yana ce mata tsuntsuwata, tana ce masa sarkin yatsu. Amma mahaifinta Garnaud, mai gidan burodin da ke ƙasa, ya ce a kai kasuwa.

"Mutumin da sana'arsa zama bayan mace yana bin numfashinta? Ga Anselme yana nemanta, ubansa ke kawo mini fulawa."

Wata Lahadi da yamma aka gayyaci Florent da Octavie su rera waƙoƙin a falon wata attajira. Garnaud ya zo da Anselme, su ga yadda Florent zai sha kunya.

Ana tsakiyar waƙar tafki Octavie ta hango fuskar mahaifinta a murtuke. Ta rikice, ta tsallake baiti guda cur. Florent ko kai bai ɗaga ba, yatsunsa suka yi tsalle suka tarar da ita, kiɗa ya ci gaba sumul. Falo ya ɗauki tafi, Anselme ya fi kowa.

A bakin ƙofa Garnaud ya tare su. Ashe yana kwaɓin fulawa waƙoƙin na sauko masa ta rufi, har ya haddace su.

"Ina baitin jirgin ruwa?"

Octavie ta sunkuyar da kai.

"Ni na yanke shi, Baba," in ji Florent. "Ya yi tsawo."

"Ƙarya kake, yaro!" Tsohon ya fashe da dariya. "Ta faɗi a gaban mutane, ka tare ta, ko harara babu. Ni kuwa, da uwarta ta taɓa ƙona burodi, sai da unguwa ta ji. Turo iyayenka."

"Baba!" Octavie ta rufe fuska, tana leƙen Florent ta tsakanin yatsu.

Da bazara aka ɗaura aure a cocin unguwa. Garnaud ya dafa kawunansu ya ce, "Duk wanda ya zame a cikinku, Allah ya sa ɗayan na kusa."

Muka ce amin, ni na fi kowa ƙarfi.