Muryar Mouna a Kasuwar Albasa

Ranar da Mahbub ya fara ganin Mouna, rikoda ta kawo masa a cikin leda, zaren kaset ya naɗe a ciki kamar taliya. Shagonsa yana bakin titin jirgi a Agege ta Legas, inda yake kwafar kaset ɗin wa'azi yana gyaran rediyo.

"Sannu da aiki. Ta cinye min darasi," ta ce.

Ya sa biro ya warware zaren a hankali, ya kunna. Murya ta fito a natse: "Ba. Ba. Baba ya zo." Sai ƙarar okada ta rufe ta, wani zakara ya ɗora nasa.

"Malama, zakaran ma ɗalibinki ne?"

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya. Ta ce tana koyar da 'yan aji ɗaya a wata ƙaramar makaranta ta Hajiya Adama. Yaran sun yi mata yawa, ga shi a gida Hausa suke ji, a titi Yarbanci, a makaranta Turanci. Shi ya sa take raba su biyu: rabi suna gabanta, rabi suna zagaye da rikoda, kowa da katinsa na manyan haruffa, yana bin muryar da yatsa.

Mahbub ya daɗe yana kallon rikodar, ko da yake ba ita yake gani ba.

"Ina da makirfo mai kyau," ya ce. "In Hajiya ta yarda, zan kawo ranar Asabar."

Hajiya ta yarda, ta kuma kafa kujerarta a bakin ƙofar ajin tana tsince shinkafa. Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Mouna tana karantawa, shi yana riƙe da makirfo, in ta yi tuntuɓe su sake. Daga baya ya kwafa wa kowane yaro nasa kaset ɗin ya tafi da shi gida. Kafin ƙarshen zango, yaran da ba sa bambance harafi da zanen ƙasa sun fara haɗa kalma.

Shekarar 2002 ce, wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba. Mahbub yana da ita saboda shago, Mouna kuwa ta Hajiya take ara. Wata rana ya tura mata saƙo:

"Malamata, yau na saurari darasi na huɗu har batir ya mutu. Har yanzu ban iya ba. Sai dai ki karɓe ni ɗalibi na har abada."

Amsa ta zo bayan la'asar:

"Oga Kaset, ajina ba ya ɗaukar mai gemu sai da izinin Baba. Hajiya ta ce in gaya maka ita ma ta karanta."

Ya tura kawunnansa wurin mahaifinta, Alhaji Mahamadou, mutumin Nijar da ya daɗe yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai bincika.

Akwai abin da Mouna ba ta sani ba. Uban wani yaro, ɗan dako ne, ya zo shago ya ce kaset ɗin ɗansa ya tsinke, kuma shi ma yakan zauna gefe yana bi. Mahbub ya ba shi wani. Sai abokinsa ya zo, sai wani maigadi daga Obalende. Duk wanda ya zo da kunya a fuska ya ce yana so ya iya rubuta sunansa, Mahbub ba ya iya hana shi. A ransa lada yake tarawa, shi da ita. Bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa ko nasa ne abin da yake kyauta da shi ba.

Audi, ɗan abokin cinikin Alhaji wanda ya daɗe yana son Mouna, shi ya fara jin kaset ɗin a teburin mai shayi. Bai ƙara komai ba, bai yi ƙarya ba. Ya dai jira safiyar da Alhaji ya zauna shan shayi, ya ce wa mai shayin ya ƙara sauti.

Alhaji ya ji muryar 'yarsa tana tashi a tsakiyar maza, wani yana kwaikwayonta da siririyar murya, saura suna dariya. Ya ajiye kofinsa bai sha ba.

Da Mahbub ya zo gaishe shi, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba.

"Na bar ta ta yi aikin lakwal, koyarwa a makaranta, don yara," Alhaji ya ce. "Ban ba ka ita ba tukuna, ka raba ta a kasuwa. In na ba ka, mi za ka yi? Maganarku ta tsaya. Ita kuma ta gama da lakwal."

Mouna ta tare shi a soro, idonta ja.

"Malamata, wallahi alheri na nufa. Mutanen nan…"

"Na sani. Da ka tambaye ni, wataƙila da na ce to. Wataƙila kuma da na ce bari in shawo kan Baba. Amma ba ka tambaya ba, Mahbub. Murya tawa ce."

Wannan ta fi ta Alhaji yi masa ciwo. Ya koma shago ya zauna yana juya abin. Karatun da mutanen suka samu gaskiya ne. Kunyar da Alhaji ya sha ma gaskiya ce. Ya rasa yadda abu ɗaya zai zama alheri ga wanda aka ba, ya zama ƙwace ga wadda aka ɗaukar wa. Abin da ya iya ganewa kawai shi ne, wanda ya rarraba shi zai tattaro.

Ya rufe shago ya shiga danfo, bas ɗin haya. Ya bi rumfunan Mile 12, ya je ɗakunan masu gadi a Obalende, ya leƙa Isolo. Wasu sun miƙa da sauƙi. Wani tsoho mai suna Idrissa ya riƙe nasa da hannu biyu.

"Yaro, na kai tsakiyar darasi. Ka bar ni a tsakiyar kogi?"

"Baba, zan kawo maka wani. Na yi alkawari."

Bai san me zai kawo ba. Ya gwada ɗaukar tasa muryar, Hajiya Adama ta kunna wa yaran da suka rasa malamarsu, suka fashe da dariya suka ce mai wa'azi ne.

Mouna ce ta warware, daga cikin gida, ta wayar Hajiya da ta je duba ta:

"Har yanzu ina fushi. Amma ka je aji ranar Asabar. Yarana sun iya darasin da kansu yanzu. Su karanta, kai ka ɗauka. Ka fara tambayar iyayensu."

Ya tambaya, gida gida. Ranar Asabar yara suka yi layi gaban makirfo, wani yana rawar murya, wata tana ihu kamar mai tallan gyaɗa. Amma sun karanta, kati bayan kati, ba wanda ya raɗa musu. Hajiya ta share ido da haɓar zani ta ce hayaƙi ne.

Da ya kai sabon kaset kasuwa, ɗan dakon nan ya ji ɗansa yana karatu, ya hana kowa magana. Wanda ya taɓa kwaikwayon Mouna aka ce ya kwaikwayi wannan in ya isa.

Saura abu ɗaya. Duk tsofaffin kaset ɗin sun dawo hannun Mahbub, ban da guda. Wani direban motar albasa ya tafi da shi arewa. Ba wanda ya san yawan da aka raba sai Mahbub. In ya ce sun cika, ba mai ƙaryata shi, kuma aurensa yana rataye a kan wannan kalmar. Har ya isa ƙofar Alhaji da buhun a kafaɗa bai gama yanke shawara ba.

Alhaji ya buɗe buhun ya leƙa.

"Duka ke nan?"

Mouna tana bayan labule. Mahbub ya ji inda take ba tare da ya duba ba.

"A'a, Baba. Ɗaya ya fi ƙarfina. Wani direba, Nassirou, ya tafi da shi."

"Nassirou mai jar mota? Ina ya kai shi?"

"Galmi. Ya ce 'ya'yan ƙanwarsa zai kai wa, makaranta ta yi musu nisa. In ka ce in bi shi, gobe zan hau mota."

Alhaji ya saki bakin buhun. Galmi garin Alhaji ne. Mouna a Agege aka haife ta, ba ta taɓa taka can ba, kullum yana cewa sai baɗi.

"Ɗiyata ba ta ga garinmu ba," ya ce a hankali, "muryarta ta riga ta zuwa." Ya shafa gemu. "Bar wannan inda shike. Da ka ce min sun cika, da na yarda, ka sani?"

"Na sani, Baba."

"To. Ka ce wa kawunnanka su dawo." Ya ɗaga murya wajen labulen. "Ke kuma, Litinin ki koma wurin yaranki, sun ishi Hajiya da kuka."

Mahbub ya durƙusa ya yi godiya. Sai a lokacin ya lura Alhaji ya matsa masa gefen tabarma.

An ɗaura aure bayan Sallar layya a masallacin unguwa. 'Yan dako suka zo da wankakkun riguna, matan Yarbawan layin suka dafa shinkafa a manyan tukwane, Audi ma ya zo ya yi musabaha ya tafi da wuri. Da aka kawo amarya, Mahbub ya tsaya a bakin ƙofar ɗakinsa da ya zama nata, ya yi sallama.

"Amarya, in shigo?"

Ta ɗaga mayafin kaɗan, ta bar shi tsaye har ƙawayenta suka fara dariya.

"Shigo, angona."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya sa su tsufa tare. Amin.