Kofin Jenneh

Don maki na ɗauki darasin cututtukan annoba, ba don so ba. Jenneh, abokiyar ɗakina, ita ta ja ni, wai Dakta Kpaka ba ya kayar da kowa. Ita kuwa Jenneh, ko karen hanya ta gani sai ta raba masa shinkafarta da miyar ganyen rogo.

Gab da magariba muka shiga tsohon zauren da aka taɓa killace masu Ebola muna yara. Ana yayyafi, ba wuta. Dakta ya ba kowa kofin ruwa fari tas, ya ce ɗaya ya sa wa magani, shi ne mai cutar. Mu zagaya muna zuba wa juna. A ƙarshe zai ɗiga wani abu, duk kofin da ya yi ja, mai shi ya kamu.

Aji ya kaure da dariya da tsokana.

A bencin ƙarshe muka gan ta. Mace ce, zaninta jiƙe sharkaf, ta riƙe kofi da hannu biyu. Warin maganin da ake fesa wa gawa a wancan lokacin ya cika mini hanci.

"Ƙanwata, zuba mini," ta ce a hankali. "Kowa ya tsallake ni."

Kafin in buɗe baki Jenneh ta zuba mata, ta karɓi nata, har da riƙe mata hannu.

Dakta ya bi layi yana ɗigawa. Fari. Fari. Fari.

Na Jenneh ya yi ja wur.

Ya tsaya, ya laluba aljihunsa, ya fito da kwalbar maganin. Ko murfinta ba a fasa ba.

"Na manta ban sa ba," ya raɗa.

Muka waiwaya. Ba kowa a bencin, sai ruwa yana ɗiga ƙasa.

Kafin mako ya fita zazzaɓi ya kwantar da Jenneh. Aka auna jininta, aka sake aunawa, ba a ga komai ba, amma aka killace ta bayan igiya da labulen roba. Duk sunayen ƙwayoyin cutar da muka haddace, babu wanda ya amfane ni. Ta miƙo hannu tana kiran sunana. Na yunƙura, ma'aikatan jinya suka riƙe ni gam, ina kuka kamar raina zai fita.

"Baindu," ta ce, "kowa ya tsallake ni."

A cikin leda aka binne ta, babu wanka.

Dakta ya bar koyarwa, amma wanda ya gaje shi bai daina wasan kofin ba. Ɗaliban bana sun ce mata biyu ne yanzu a bencin ƙarshe. Ɗayar ba ta roƙon kowa ya zuba mata. Tambaya kawai take yi ko Baindu ta zo.