Maɗinkin Littafi da Ya Ce Ya Iya

A wani gari can da, an yi wata tsohuwa mai yi wa takarda ado. Takan ɗiga launi a kan ruwan ƙaro, ta ja mataji a hankali, ta shimfiɗa takarda, sai zane ya fito kamar gashin zabuwa.

Wani maɗinkin littafi da alƙali ya ba ɗinkin littafinsa ya leƙa sau ɗaya, ya ce, "Ai na iya!"

Ta ce, "Ɗana, tsaya ka ga jan matajin."

Ya ce, "Iya, ai na iya!"

Ya koma gida ya tuttule launi, ya dama kamar kunu, ya tsoma takarda, ya manna a bangon littafin alƙali.

Alƙali ya karɓa a gaban jama'a, ya juya, ya shinshina, ya ce, "Wa ya zubar mini da miyar kuka a littafi?"