Sharar da Abdulfatah Ya Goge

Ranar da Abdulfatah ya fara ganin Safara'u, sabar shagon hotonsu da ke Gada Biyu, wato babbar kwamfutar da suke adana hotuna, ce ta cika maƙil, ta ƙi karɓar ko hoto ɗaya. Shi aka kira ya gyara. Ya shigo yana taƙama, da ya ɗaga ido ya ganta kuwa sai taƙamar ta ƙaru.

Duk sanda na'ura ta faɗi, wato ta mutu ba zato, takan juye abin da ke ƙwaƙwalwarta cikin wani fayil. Irin waɗannan fayilolin ya tarar jibge.

"Shara ce kawai ta cika ta," in ji shi.

Bai tambayi komai ba. Ya haɗa su ya goge, wurin ajiya na giga tamanin ya buɗe. Safara'u ta yi murmushi, ya tafi da lambarta.

Nan da nan soyayya ta kankama. Yakan rubuta mata: "Sahibata, tunaninki ya hana ni cin abinci." Ita kuma ta amsa: "Injiniya, ci abincinka, kar a ce ni na ramar da kai."

Bayan wata huɗu, wata rana da la'asar ta tare shi da murna.

"Kafin Baba ya rasu, yana ɗaukar muryarsa yana min nasihar aure, sai sabar ta faɗi bai adana ba. Ƙawata Oluchi ta ce ana iya ciro muryar daga fayil ɗin faɗuwar. Kai za ka ciro min, ko?"

Ashe fayil ɗin yana cikin sharar da ya goge. Hotunan wata huɗu sun riga sun hau wurin, babu hanyar dawo da shi. Da zai ce ya duba bai samu ba, da shi ke nan. Kwana uku yana juya wannan ƙaryar a ransa, sannan ya tura mata:

"Ni na goge muryar Baba, ranar da na fara ganinki. Ban tambaye ki ba don ina so in burge ki. Ba ta dawowa. Ki yafe min."

Safara'u ta daina kula shi. Da mahaifiyarta, Hajiya Madina, ta ji labarin, ta ce ba za ta ba da 'yarta ga mai rawar kai ba. Wata biyu Abdulfatah yana ramewa, wannan karon da gaske.

Safara'u ce ta durƙusa gaban uwarta.

"Mama, har yanzu ina jin zafinsa. Amma da ya yi shiru, wa zai sani?"

Aka ɗaura aure bayan Babbar Sallah. Da za a kai amarya, Hajiya ta riƙe hannunta, ango yana tsugune a gefe.

"Ina tsaye a bakin ƙofa sanda Babanki yake ɗaukar muryar," in ji ta. "Abin da na ji kawai, ya ce 'Safara'u, 'yata,' sai ya yi dariya. Sauran ban ji ba. Allah ya yi muku albarka."

Safara'u ta ce amin. Abdulfatah ya buɗe baki zai amsa, kuka ya riga shi.