Mai Gwaji da Tabaraun Baba

Ranar da wata matashiyar injiniya ta fara shiga ɗakin gwajin kayayyaki, riƙe take da wani falle kamar leda, wai gilashin waya ne da za a riƙa naɗewa kamar takarda. Wata shida ta yi tana haɗa shi.

Shi kuwa mai gwajin aikinsa ke nan, ya maƙala abu a inji, injin ya yi ta lanƙwasawa yana miƙarwa, shi yana ƙirgawa har abin ya tsage. A lanƙwasa ta dubu tara nata ya ce ƙas.

"Malam, ka kashe min ɗa," in ji ta.

"Sai haƙuri, Injiniya. Dama ba mai tsawon rai ba ne."

Sau bakwai tana kawo sabo yana karyawa. Na takwas ya haura dubu ɗari biyu, su kuma lokacin sun kai ga "Zumata" da "Mugun nawa".

Sai dai hannunsa bai san an tashi daga aiki ba. Ranar da ya je gaida mahaifinta, tsohon ya ajiye tabarau kan tebur yana jero masa tambayoyi. Saurayi kai a sunkuye, gumi sharkaf, hannu ya lallaɓa ya ɗauko tabaraun, ya shiga lanƙwasawa yana miƙarwa. Ƙas!

"Sha huɗu kacal, Baba," ya faɗa kafin hankalinsa ya dawo.

"Tashi ka ba ni wuri! Ba zan ba maɓarnaci 'yata ba."

Yana fita ya tura mata saƙo: "Zumata, wallahi hannun ne, ba ni ba."

Ta amsa: "Mugun nawa, da kai da hannun duk an kore ku. Ga ɗan aminin Baba ya fara sintiri, shi ko cokali bai taɓa lanƙwasawa ba."

Sati biyu mai gwaji ya yi yana gwada firam ɗin tabarau iri goma sha ɗaya. Ya zaɓi mafi juriya, aka sa gilashi, ya aika da shi tare da sakamako shafi huɗu. Tsoho bai karanta ko layi ba. Zama ya yi a kan tabaraun da gangan, sau uku, ya murɗa, ya taka. Sannan ya saka, ya dubi matarsa.

"Yaron nan ya san aikinsa. A ce ya turo iyayensa."

Ranar aure tsoho ya kama hannuwan ango biyu ya riƙe gam.

"Wannan da na ba ka ba ta gwaji ba ce, ka ji ko? Allah ya yi muku albarka."

Ango ya ce amin, amarya ta ce amin tana ƙunshe dariya.