Tsinin Lauje a Kan Garzali

Ranar Talata kotu ta ɗaure Labaran shekara goma sha huɗu, wata bakwai bayan an tsinci ƙaninsa Garzali kwance a gonar gadonsu ta Achika, tsinin lauje kafe a ƙoƙon kansa.

Radiyya matar Garzali ce ta fara ganinsa, da ta bi sawu ganin har la'asar bai dawo ba. Marainiya ce, ba ta da mai tsaya mata. Da aka kira wanzami don ya zare ƙarfen, sai ta kife a kan mijinta tana kuka.

"Don girman Allah kar a taɓa! A kai shi asibiti, Yaya..."

"Kun ji ko?" in ji Labaran. "So take ya mutu da shi a ka. Ke kika sare shi, munafuka!"

Surukarta ta watso mata kaya waje. 'Yan sanda suka tsare ta kwana goma sha ɗaya a Wudil, a can cikinta na wata huɗu ya zube. Ba wanda ya leƙo ta. Kullum addu'arta ɗaya: "Ya Allah, kar Ka bar wanda ya yi wannan ya yi barci!"

A Kano likitoci suka ɗauki hoton kan, suka yanke ƙashin da ke kewaye da ƙarfen, suka fito da shi bayan awa shida. Babbansu ya ce ƙarfen ne ya toshe jijiyar da ta tsage. Da an zare shi a gona, Garzali ba zai kai titi da rai ba.

Tasi'u maƙeri ne ya ƙarasa zancen. Washegarin abin Labaran ya kawo masa lauje mai karyayyen baki, aikin kaka ya hana shi gyarawa. Da ya kai wa 'yan sanda laujen, suka ɗora tsinin da likitoci suka ciro a kai, ya zauna daram. Labaran ya amsa laifinsa, ya ce gonar yake so shi kaɗai.

Dattawa suka zo biko, surukar na gaba tana hawaye.

"Ki yafe mana, 'yar nan..."

"Inna, zan dawo don mijina," in ji Radiyya. "Amma ɗan da na rasa, ban yafe ba! Mu haɗu gaban Allah."

Ta dawo, an danƙa mata gonar. Garzali yana cin abinci daga hannunta, yana bin ta da ido. Har yau bai furta kalma ba, likitoci kuma ba su ce zai furta ba.