Albarkar da Ta Bi Ƙeya

"Na rantse maka ban gan ta ba, Efraín!"

"Kin gan ta, Yaritza."

Ko ɗaga murya bai yi ba, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo. Yana tsaye a ƙofar zauren coci, jitarsa a kafaɗa, yana kallon ta kamar yau ya fara ganin ta.

Mu 'yan Puerto Rico da ke garin Lorain na Amurka, yaro ba ya wuce babba sai ya ce a sa masa albarka, ko a tsakiyar kasuwa ne. To ita Yaritza ce aka ɗora wa shirya bikin karrama dattawanmu da suka zo aikin ƙarfe suka raya garin nan. Ranar gwaji tana tsaye da manyan gari da masu ɗaukar hoto, ana ta Turanci, sai ga kakarta Doña Monserrate ta shigo rungume da tukunyar pasteles, ƙullin abincinmu mai nama a ganyen ayaba, duk jikinta ƙanshin tafarnuwa da man suya. Tsohuwa ta ajiye tukunya, ta ɗaga hannu tana jira.

Yarinyar nan ta kau da kai ta wuce!

Damaris kuwa, wadda ta daɗe tana harin Efraín, tuni ta rusuna ta nemi albarka da ƙarfi don kowa ya ji. Kafin yamma labari ya kai masa, an ƙara gishiri.

"Masoyina, ka saurare ni... mutane ne suka yi min yawa..."

"Ita ta goya ki. Idan kin iya kau da kai daga gare ta, ni fa ranar da na shigo miki da baƙin man gareji a riga?"

"Haba Efraín!"

"Ina son ki, zuciyata, kin sani. Amma ki bar ni tukuna."

Ya tafi, ko waiwaye babu.

Daga ranar Yaritza ta kasa taka gidan kakarta. Takan zo bakin layi ta hango tagar kicin, sai ta juya. Da ma tsohuwar ta kira ta zage ta, da ta samu sauƙi. Shiru kawai. Kunya ta hana ta ci, ta hana ta kallon madubi, kuma ni dai ban ji tausayinta ba, don ita ta jawo wa kanta.

Ranar biki zaure ya cika maƙil, tutoci ko'ina. Yaritza ta hau dandamali tana kiran dattawa ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan na ƙarshe.

"Doña Monserrate Quiñones, wadda tukunyarta ta ciyar da maza 'yan ƙarfe tun ba su da mata a garin nan..."

Aka ɗau tafi. Kujerar babu kowa.

Damaris ta yi murmushi daga sahun gaba. Yaritza ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta miƙa wa na kusa da ita lasifika, ta sauka da gudu zuwa kicin ɗin da ke ƙarƙashin zauren, inda ake girkin biki.

Tun daga matakala ta jiyo kakarta tana faɗa.

"Ni aka yi wa laifi, kai meye naka? Jikar tawa za ka bari tana ramewa? Da ma na faɗa, makaɗi ba miji ba ne!"

"Doña Monse, ai saboda ke na..."

"Rufe min baki, ɗaure ganyen nan da kyau!"

Efraín ne zaune gaban tulin ganyen ayaba da zare a hannu, kansa a ƙasa. Yaritza ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, da rigar bikinta da komai.

"Kaka... ki sa min albarka."

Tsohuwa ta ci gaba da juya nama.

"Kaka, na gan ki ranar nan. Na gan ki sarai. Kunyarki na ji a gaban mutanen nan, ni 'yar banza..." Kuka ya ƙwace mata.

"Na sani. Shi ya sa ban hau sama ba, kada in sake ɓata miki hoto."

Wayyo! Gara mari da wannan magana.

Doña Monse ta goge hannu a zaninta, ta ɗago haɓar jikarta.

"Tashi, sakarya. Albarka ai tun ranar na sa miki. Da kika juya, ƙeyarki na bi da ita. Kin zaci zan koma gida da abata?"

Yaritza ta kifa fuska a cinyarta tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Efraín ya taso a hankali, ya durƙusa kusa da ita har kafaɗarsu ta haɗu.

"Ki yafe min, rabin raina. Na yi miki hukunci a kan abin da mai shi ta riga ta yafe."

Ta kasa ɗago ido, hannunsa kawai ta laluba ta riƙe.

"Doña Monse," ya ce, "ni ma a sa min... mu biyu."

Tsohuwa ta harare shi sama da ƙasa, ta ja dogon tsaki. Sannan ta ɗora hannu ɗaya a kansa, ɗaya a kan jikarta.

"Allah ya yi muku albarka. Amma ranar auren, ni zan yi girki, kuma a gaban kowa zan zauna."